Ɗalibar da Ba a Aikenta

Mijinta ne ya raɗa mata suna Ɗaliba. Da zolaya ya fara, sunan kuwa ya bi ta har jikokinta suka ɗauka. Kafin nan Mai Labule ake ce mata, domin ta fi shekara ashirin tana ɗinkin labule a ɗan shagon da ke jikin gidansu. Mace ce gajera mai sanyin magana, wadda idan tana taka keken ɗinki sai ka ga idonta a kan allura, hankalinta kuwa yana wata duniya.

Ita ce babba a ɗakinsu. Tana ajin ƙarshe na firamare mahaifiyarsu ta kwanta ciwo, aka ce ta ɗan tsaya a gida kafin a samu sauƙi. Ɗan tsayawar nan ce ta cinye ƙuruciyarta. A hanyar da take bi ta karɓo magani akwai wani ofis mai ƙofar gilashi, a ciki kuwa wata mata ce ke zama, ta maƙale kan tarho tsakanin kunne da kafaɗa, tana magana tana rubutu, mutane na tsaye suna jiran abin da za ta ce. Yarinyar takan tsaya da ledar magani a hannu tana kallo har sai rana ta dame ta. Ba ta taɓa sanin abin da ake sayarwa a ofishin ba. Ta yi aure, ta haihu, ta aurar, amma matar nan ba ta tsufa ba a ranta, kullum tana nan a bayan gilashi tana amsa waya.

Da autanta ya gama sakandare sai ta ɗauki tsofaffin littattafansa ta shiga ajin yamma. Gemu ba ya hana ilimi, in ji mijin, wanda gyaran fanka ne sana'arsa, ya ƙara da cewa ita ko gemun ma ba ta da shi. Ta faɗi jarrabawa, ta sake, ta ci. Da furfura a goshinta ta shiga jami'a karatun harkokin kasuwanci, a aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yanta.

A tsarin karatun nasu, bayan shekara biyu a aji sai a tura ɗalibi wani kamfani ya yi shekara guda yana sanin makamar aiki, sa'annan ya dawo ya ƙarasa. Ita aka tura ta kamfanin sayar da kayan ofis, kujeru da tebura da durowoyi. Sashen ciniki yana sama, sito yana ƙasa. Tare da ita aka tura wani ɗan ajinsu da ake kira Dogo. Ranar farko ta goge takalminta tun da safe, ta sayi biro sabo, ta hau matakalar tana jin kamar yau ne aka ce mahaifiyarta ta warke.

To, a nan ta gamu da abin da ba ta taɓa zato ba. Ba wulaƙanci ba, da ma shi ne da ta san maganinsa. Girmamawa ce ta yi mata katutu.

Manajar sashen yarinya ce sa'ar babbar 'yarta, mai kaifin baki da saurin tafiya, amma tana ganin furfurar nan sai ta rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, Mama." Shi ke nan, an gama da ita. Aka ba ta tebur mafi kyau, kusa da taga, da kujera mai juyawa. Idan ta miƙe za ta ɗauko fayil, sai wani ya riga ta. Idan ta nufi injin kwafi, sai a ce haba Mama, muna nan? Shayi ma kawo mata ake yi har tebur. Dogo kuwa ya zama jakin sashen: a aike shi sito, a aike shi banki, a sa shi kiran masu saye, ya yi kuskure a wanke shi tas a gaban kowa. Da yamma yakan tsaya gefen teburinta yana ƙorafi, ya ce ita kam ta huta. Ita kuwa kishinsa take yi har cikin ranta. Kowane faɗa da aka yi masa, wani abu ya koya.

Haka watanni suka yi ta wucewa. Akwai labule a tagar tata, ruwan toka, wanda aka yi wa kalmasa a karkace, abin da ke sosa mata rai kullum. Bayan azahar iska kan ɗaga shi a hankali ta sauke, hasken rana ya kwanta a kan teburin da babu komai sai biron da bai ragu ba. Fanka na juyawa, wayoyi na ƙara a teburan wasu, ita kuma sai ta lula duniyar tunani. Ta ga kanta a wani shago mai faɗi, labulaye na saukowa tun daga rufi, yara na ɗinki a baya, ita tana gaba da waya a kafaɗa. Wani lokaci ta ga ƙaramar yarinya a wajen gilashin da leda a hannu, ta yi nufin yafito ta, sai wani ya ajiye mata kofin shayi ta dawo.

A tsakiyar shekara malamin da ke duba ɗalibai ya zo daga jami'a. Ya tambayi Dogo abin da yake yi, Dogo ya yi ta zuba kamar an kunna rediyo. Ya juyo gare ta. Ta nuna masa teburinta da biron da bai ragu ba. Malamin ya sassauta murya, ya ce idan ya dawo ƙarshen shekara ya tarar da haka, ba shi da abin da zai ba ta maki a kai, sai dai ta maimaita. Maimaitawar ba ita ta fi tsorata ta ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne kada dai ta makara, ta iso lokacin da babu sauran wanda zai iya koya mata komai. Ta je ta roƙi Manaja a ba ta aiki. Manaja ta ce in sha Allahu, Mama, ta kuma sa ta jera takardun talla, aikin da aka gama kafin shayi ya huce.

A gida mijin yana kwance wata fanka ya ce ai laifinta ne, ta shafa baƙin shuni a kai mana. Ta yi dariya, daga baya ta shiga shago ta zauna gaban keken da ta rufe da zane, ba ta buɗe ba.

Wata ranar Litinin aka shiga taro da kowa da kowa, aka bar ta ita kaɗai, don kada a wahalar da Mama da tsayuwa. Wayar teburin Manaja ta yi ƙara. Ta yi ƙara har ta gaji, ta sake. Ɗaliba ta tashi ta ɗauka, ta maƙale ta a kafaɗa. Shugaban wata sabuwar makaranta ne, yana son kujerun ɗakin taro masu yawa, yana tambayar yaushe zai aiko mota.

A kamfanin nan doka ce, ba a yanka wa mai saye rana sai an sauka sito an ga kaya da ido. Dogo ya san haka, domin an taɓa yi masa wankin babban bargo a kai. Ita wa ya gaya mata? Abin da ta sani shi ne na teloli: mai kaya ba ya tafiya da "babu". Hali zanen dutse. Cikin muryar da ta saba kwantar wa mata hankali da ita a shago ta ce, "Kada ka damu, jibi ka aiko, za ka same su a shirye." Ta rubuta a takarda ta ajiye wa Manaja, takardar kuma ta shige ƙarƙashin wasu. Ranar nan da ƙafa ta koma gida, ba ta ma ji nisan ba.

Jibi mota ta zo. Kujerun kuwa ko a hanya ba su, sai wata mai zuwa. Mai makaranta ya hau sama da kansa yana faɗa, ya riga ya gayyaci iyayen yara. Da aka lallashe shi ya tafi, Manaja ta tono takardar, ta ga rubutun. Ta nufo teburin taga, idonta ya rufe.

"Wa ya ce ki yanka rana? Kin sauka sito? Kin tambayi wani? Nan ba shagon tela ba ne da za ki ce jibi, jibi ta zama baɗi. In ba ki sani ba, ki tambaya. Tashi ki sauka sito yanzu, ki gano abin da muke da shi, ki kira mutumin nan ki gyara ɓarnar da kika yi."

Dogo ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta ji kunya, ta ji zafin maganar tela ɗin nan har ƙashinta. Amma a ƙarƙashin kunyar wani abu ne ke tasowa mai daɗi, wanda rabonta da shi tun tana ajin ƙarshe na firamare. A duk faɗan nan ba a ce Mama ba ko sau ɗaya.

Ta sauka. Sito wuri ne mai duhu-duhu da ƙanshin sabon katako, kujeru a kife bisa juna cikin leda har kusa da rufi. Mai sito ya zagaya da ita, ta yi ta tambaya, yana amsawa. Suka samo wasu kujerun, ba irin waɗanda aka nema ba, amma za a iya ba da aronsu a yi taro kafin na gaske su iso. Ta kira mai makaranta, ta sha faɗa karo na biyu, ya dai yarda.

Da za a tashi Manaja ta same ta a matakala, ta kasa haɗa ido da ita.

"Mama, ki yafe mini. Raina ne ya ɓaci, ban san abin da na faɗa ba."

"Kin san shi sarai, 'yata, kuma daidai ne. Ni dai roƙona ɗaya. Gobe in na sake yin wani, kada ki ji nauyina."

Washegari ba a kawo mata shayi ba. An ajiye mata jerin masu saye da za ta kira, aka ce kafin azahar. Iska ta yi ta ɗaga labulen nan mai karkatacciyar kalmasa, ba ta ko lura ba. Sai can da rana ta karkata, tana tsakiyar magana da waya a kafaɗa, ta ɗaga kai ta hangi inuwar wata mata a gilashin ƙofa, gajera, da furfura a goshi, tana rubutu, Dogo na tsaye yana jiran ta gama. Ta ɗan daɗe tana kallonta kafin ta gane ta. Sa'annan ta ce wa mai sayen ya ba ta minti biyar, za ta sauka sito ta gani.