Shekarar da Inna Ta Sayi Keke

Duk wanda ya tambayi Safara'u tela shekarunta a Anguwan Rogo, amsa ɗaya yake samu: "Shekarar da Inna ta sayi keken ɗinki aka haife ni." Tsofaffin unguwa, da suka saba ƙirga haihuwa da abin da ya auku, shekarar Yaƙin Basasa suke cewa, ita kuwa ba abin da ta tsana kamar wannan.

Rannan tana ɗinkin kayan amarya, rediyo ya shiga lissafo abubuwan 1967: yaƙi a gida, yaƙi a Gabas ta Tsakiya, waƙoƙin da suka yi tashe, manyan da aka haifa. Maƙwabciyarta Monsurat mai atamfa ta tsokane ta: "Yaya, ga shekararki nan, duk ƙarar bindiga."

Safara'u ba ta daina taka keken ba. Da shi uwarta ta ciyar da su, da shi ita ma ta aurar da 'ya'ya huɗu.

Ta ce, "Yaƙinsu wata talatin ya yi ya mutu. Kashe rediyon nan ki ji wanda har yau yake magana."