Tsabar Gero a Ƙarƙashin Masaki

Ni dai Ummi ta gajiyar da ni. Shekararta uku, amma in ka ga hannunta sai ka ce sillen kara. Na dama kunun gyaɗa ta kau da kai, na yi faten wake ta tofar, na dafa ƙwai ta miƙa wa kaza. Ranar awo malamar asibiti ta dubi kati, ta dube ni, ta ce nauyinta bai motsa ba tun zuwanmu na baya. Tun daga ranar na zama mai bin yarinya da cokali, daga ɗaki zuwa bakin rijiya, daga bakin rijiya zuwa zaure, har maƙwabtanmu a nan Kabo sun haddace kirana: "Ummi, loma ɗaya, don Allah."

Jiya ina cikin wannan tsere sai Iya Abu ta faɗo mini a rai.

Iya Abu kakata ce, mahaifiyar babanmu, can Lakwaya. In an kawo gyaɗa gida, bayan sallar isha takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta zube mana gyaɗar a tabarma. Ba ta yin tatsuniya kyauta. Sai hannuwanmu na ɓara bakinta ke motsi. In ta ji ƙas-ƙas ya tsaya ita ma sai ta tsaya, ko da kura na dab da cafke mutum.

Wata shekara na ga yaran unguwa na kama kurciya, na ce ni ma sai na kama. Na ɗauki masakin Iya ba ta sani ba, na kifa shi a bayan rumbu, na tokare gefe ɗaya da guntun kara, na ɗaura zare a jikin karan, na barbaɗa tsabar gero a ƙarƙashi, na ja zaren na laɓe. Iyakar aikin ke nan, tsuntsu ya shiga ka fizge. Amma ni da zarar kurciya ta sauka, tun tana nesa, sai in fizge. A karo na ƙarshe masakin ya faɗo a kan dutse ya tsage. Na mayar da shi inda yake, na juya tsagar ta kalli bango.

Da daddare muka zauna ɓara, Iya ta gyara zama.

"Ga ta nan," ta ce, "mai kunne ya matso, mai laifi ya fi kowa matsowa."

Wai wani mutum ne ya yi kwaɗayin naman kurciya, ya ɗana tarko irin nawa sak. Ranar farko kurciyoyi na sauka ya fizge zare, suka tashi. Rana ta biyu ya ce tsabar ce ta yi kaɗan, ya dinga fitowa daga maɓoyarsa yana ƙarawa. Rana ta uku ya yar da zaren gaba ɗaya, ya cika tafinsa da gero yana bin su gona gona: "Ku ci mana, don ku na kawo." Nan Iya ta maƙale murya ta yi ta tsohuwar kurciya:

"Malam, yunwa muke ji fa. Amma hatsin da mai shi ke roƙo a ci, akwai magana a ƙarƙashinsa."

Da gajiya ta kayar da shi a gindin tsamiya ya yi barci, sai suka sauko suka shiga ƙarƙashin masakin, suka cinye tsabar tas suka tafi.

"Ƙurunƙus, kowa ya kwashe ɓawonsa," in ji Iya. Duk aka yi dariya ban da ni. Ta dube ni ta gefen ido. "Hauwa'u, masu fasa masaki ba sa dariya ne?"

Shekara da shekaru na ɗauka zancen masaki ne kawai. Sai jiya da na gan ni tsaye a zaure, cokali a hannu, ina haki, na gane na zama mai bin kurciya da gero.

Yau da safe na gwada. Na zuba fate a ɗan kwano, na ajiye a gindin darbejiya, na juya baya ina wanki. Baban Ummi ya fito zai tafi gona, ya ce, "Yau an ajiye makami ke nan?" Na harare shi, ya saɓa fartanya ya wuce. Ummi ta zo ta zagaya kwanon, ta tafi, ta dawo, ta tsuguna. Ta cikin inuwarta nake kallo. Loma ɗaya, biyu, uku. A ta huɗu ban san lokacin da na juya ba. "Yauwa 'yar albarka, ƙara mana." Ta saki cokali ta ruga.

Haushin Iya na ji, Allah Ya jiƙanta. Ta nuna mini wautar mutumin, amma ba ta gaya mini yadda uwa ke danne zuciyarta ba. Shi kurciya kawai ya rasa, ni kuwa 'yata ce, kuma wani awon na tafe. Duk da haka loma uku ta fi abin da cokalina ya samo a kwana biyu. Gobe zan sake ajiyewa. Na ce da Baban Ummi ya jinkirta fita ya zauna kusa da ni, in ya ga zan buɗe baki ya taka mini ƙafa.