Baba Mano, Mai Wanki da Ya Kai Mu Duniyar Wata

Shekara talatin Baba Mano yana shiga motar ma'aikata da safe, daga Arlit zuwa mahaƙar yuraniyom, inda yake wanke kayan aikin mahaƙa. Da mota ta tashi sai ya zaro takarda ya karanta wa mutane labarin da ya ƙaga: garin da aka haƙa a cikin duniyar wata, da raƙuman ƙarfe masu kiwon hasken rana.

Hanyar duk ramuka ce, in jimla ta yi tsawo sai gargada ta katse ta a bakinsa. Don haka ya koyi yanka magana gajeru, kowace ta sauka kafin taya ta faɗa rami. Marubutan garin nan, in ka karanta su da ƙarfi, tafiyar motar nan za ka ji.

Zakiyya ta fi kowa sani. Shekara bakwai tana zama a bayansa a motar lokacin da take aikin ofis a mahaƙar. Bara littafinta ya fito, aka yi ta yabon salonta, har aka tambaye ta a rediyo wa ya koya mata. Ta ce littattafan Turawa. Nauyin ambaton mai wanki ta ji, kuma tun ranar kunya ta hana ta bin layin gidansa.

Da ta ji ya ajiye aiki zai koma garin Tawa, ta ga in ta bari ya tafi, ƙaryar ta zauna ke nan. Ta same shi yana ɗaure kaya, ta durƙusa.

"Baba, na zo ne..."

"Na ji ki a rediyo, ɗiyata," in ji shi. "Jimlar da kinka yi ƙaryar da ita ta yi tsawo. Da cikin mota ne, da rami ya katse miki ita."

Ta yi dariya, sai dariyar ta koma kuka. Washegari ta koma gidan rediyon ta faɗi sunansa sau uku.

Mu ma sauran marubutan da muka yi shiru ba mu fi ta ba. Baba Mano, kai ne malaminmu, mun ɗauki salonka ba mu ce an gode ba. Allah ya saka maka. Wanda ke da irin Baba Mano, ya faɗi sunansa tun bai ɗaure kaya ba.