Dogon Zango da Shagon Ƙofar Jami'a

Shekara goma sha bakwai ya yi yana riƙe da makullin sito a kamfanin ɗab'i, tsakanin tulin takardu da gwangwanayen tawada, ba wanda ya taɓa neman ra'ayinsa a kan komai. Sai da ya haura arba'in ya shiga karatun digiri na biyu na ƙarshen mako, fannin tsara zuba jari. Mako uku da farawa ya sayi tabarau, alhali idonsa garau. Ko tsintsiya ka zo karɓa sai ya ce, "Ka dai duba abin a dogon zango." Nan ya samu suna, ya kuwa rungume shi, don a ganinsa yabo ne.

Ma'aikatan suna da ƙungiyar taimakon juna, sun ɗan tara abin da suka tara. Wata rana mai gyaran takalmin da ke daidai ƙofar jami'a ya tashi daga shagonsa. Shugaban ƙungiya, wani dattijo mai aiki da injin yanka takarda da kowa ke ce wa Baba, ya kira taro.

"Mu kama shagon nan, mu sa injin kwafi biyu," in ji Baba. "Ɗalibai ba sa rabuwa da takarda, mu kuma ita ce sana'armu."

Kowa ya gyaɗa kai. Dogon Zango ya cire tabarau, ya goge a hankali. Ranar da ya daɗe yana jira ta zo.

"Baba, ba na ja da kai, amma wannan caca ce. Ina nazarin kasuwa? Ina auna haɗari? Ku ba ni wata biyu."

Kalmomin sun yi musu nauyi, suka ba shi. Wata biyu ya zama goma sha ɗaya. Ya raba wa ɗalibai takardun tambayoyi ɗari uku, a takardar kamfani. Ya zana taswirori masu hawa da sauka ya manna a bangon sito. Duk lokacin da Baba ya leƙo, sai ya nuna masa wani layi ja ya ce saura kaɗan.

A gida matarsa ta gaji da jin zancen.

"Baban yara, wai shagon nan jiranku zai yi ta yi?"

"Ke ba ki san tsari ba. Jari ba ya son gaggawa."

Da yake bai iya kwamfuta ba, ƙanwar matar ce ke buga masa rahoton nazarin, wadda ta gama sakandare ta zauna ba aiki. Ta buga babi na uku, inda ya tabbatar da hujjoji ashirin cewa shagon zai yi riba. Ta sayar da keken ɗinkinta, mijinta ya cika mata, ta je ta kama shagon.

Da labari ya iso kamfani, Baba ya zo har sito, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, da kai aka haɗa baki?"

"Wallahi Baba ban sani ba."

"Da ma ka sani. Da sai in ce wayo ka yi mana."

Maganar ta soke shi, kwana biyu bai ce wa kowa dogon zango ba. A na uku ya farfaɗo. Ya mai da abin da ya faru kundin kammala karatunsa, ya sa masa suna "Raunin Yanke Shawara a Ƙungiyoyin Ƙananan Ma'aikata". A ciki ya bayyana abokan aikinsa a matsayin mutane marasa hangen nesa, waɗanda dama ta wuce su suna kallo. Malamai suka yaba ƙwarai. A shagon ƙanwar matar aka yi masa kwafi biyar, ta kira shi Yaya da ladabi, ba ta rage masa ko sisi ba.

Ƙungiya ta watse, kowa ya kwashi nasa. Shi kuwa jami'ar ta ɗauke shi koyarwa ranar Asabar. Yana shiga aji da jaka mai tayoyi, yana faɗa wa ɗalibai cewa shi ba daga littafi ya koya ba, ya ga abin da idonsa. Ranar Litinin kuwa sai ya koma sito, inda har yau in an zo karɓar kaya ba mai gaishe shi, sai dai a miƙa masa takarda ya sa hannu.