Ƙwayar da Ke Yawo a Gwiwata

Shekarar da aka kai ni Ajingi daga gidanmu na Gaya, gwiwata ta dama ta fara cijewa. Ina tsugune gaban murhu, in zo miƙewa sai ta ƙi, ba gaba ba baya. In na shafa gefenta nakan ji wani abu kamar ƙwayar gyaɗa, ina taɓa shi ya sulale ciki.

Na faɗa wa Inna, mahaifiyar maigidana. Ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Kada in sake jin wannan a bakinki, 'yar nan. Abu na yawo a jikin mutum? Cewa za a yi iska gare ki, ba mai ƙara cin tuwonki."

Na kama bakina. Da maɗori ya zo, na bar shi a kan targaɗe ne. Ya ɗaure ƙafar da karan dawa kwana arba'in, aka kwance ta a sandare.

Zafin bai dame ni kamar goshina da ya daina taɓa ƙasa ba. Sallah ta koma ta zaune a bakin gado. Malam, maigidana, ya ce Allah Yana karɓa. Na sani, na karanta. Amma duk lokacin da na ji matan gida sun yi sujada a tsakar gida, sai in ji kamar an yi tafiya an bar ni.

Kaka biyu a haka, sannan Malam ya kai ni asibiti a Kano. Likitan ya daɗe yana danna gwiwar da babban yatsa.

"Malama, kina jin wani abu yana yawo a ciki?"

Na dubi Malam, na dubi ƙasa. Na ce ina ji.

"To me ya hana ki faɗa tuntuni? Guringuntsi ne ya ɓalle, shi ke shiga tsakanin ƙasusuwa. Ba kasafai muke ganinsa ba, amma ana cirewa."

Aka ɗauki hoton ƙafar, aka sa ranar aiki. Lokacin cirar gyaɗa ne, dole Malam ya koma gona. Sati uku na yi a ɗakin mata. In la'asar ta yi, 'yan dubiya su shigo da kwanuka, ni in juya wajen bango da carbina.

Ranar sallama aka ba ni abin a 'yar kwalba, fari, sumul. Ban nuna wa Inna ba. Na binne shi bayan ɗakina, tunda jikin ɗan Adam ne.

Wata huɗu ina lanƙwasa ƙafar kaɗan-kaɗan yadda aka koya mini. Wata azahar, kowa ya fita, na shimfiɗa tabarma na gwada. Gwiwar ta yi ƙara, ta bi. Tabarmar na warin rana. Na daɗe ban ɗago ba.

Har yau a zaman tahiya sai na miƙe ƙafar gefe.