Yayata da Ta Zama Ƙanwata

Ludmila ta girme ni da shekara tara. Ita ta raine ni, ita take yi mini wanka a bahon kwano a kicin ɗinmu na Youngstown da ke jihar Ohio, tana dirza mini kunne kamar ni na kashe mata kasuwa. Amma da za ka tambayi duk wanda ya san mu a Los Angeles, zai rantse maka ni ce babba. Shekara arba'in da uku muka yi a haka.

A 1938 tana da ashirin da bakwai, mijinta na fari ya gudu, tana sayar da burodi a shagon wani Bajamushe. Wata safiya ta tattara kayanta ta hau bas sai Hollywood. Tana da fuska, wannan ban hana ta ba. A kamfanin fim wani mai ƙaton tumbi ya dube ta sama da ƙasa, ya tambayi shekarunta. A garin nan mace mai ashirin da bakwai ta riga ta zama kwantai, sai ta ce sha takwas. Ya ce ta faɗi ranar haihuwa. Ludmila kuwa lissafi bai taɓa zama a kanta ba, ta san in ta ƙirƙiro wata rana gobe za ta manta. Sai ta ba shi tawa: tara ga Maris, 1920.

Suka sa mata suna Nadine Carrow, suka gyara mata haƙora, suka tsige mata gira, suka mayar da gashin fari-fari. Daga nan kowace takarda ta bi ta gabanta: katin ƙungiyar 'yan wasa, lasin tuƙi, fasfo. A gida aka haife mu, ba mu da takardar gwamnati. Gaskiyar tana cikin littafin coci kawai, inda fada, limamin cocin, ya rubuta ranar da aka yi mata baftisma, kuma ba mai zuwa Ohio ya duba.

Ni na iso a 1946, na sami aikin ɗinki a sashen tufafi na kamfanin. Ranar farko ta shigo da 'yan wasa biyu a bayanta, ta rungume ni tana ƙamshin turare.

"Wannan Susan ce, yayata," ta ce musu. "Ita ta riƙe ni bayan rasuwar Mama."

Mama a lokacin tana nan da ranta a Youngstown, tana naɗa nama a ganyen kabeji. Da suka fita na ja ta bayan labule, na kira ta da sunanta na gida.

"Ludka, kin haukace ne?"

"Ke, rage murya. To ya kike so in yi? Rana ɗaya, shekara ɗaya, in ce tagwaye muke? Da wannan hancin naki?"

"Ni ce yayar taki?"

"Zuzka," ita ma ta koma sunana na gida, "dubi madubi mana. Wa zai yi gardama? Ke da ba kya shafa komai, me kika rasa?"

Ina da ashirin da shida a ranar. Kafin mako ya ƙare, 'yan matan da suka girme ni suna tashi su ba ni kujera.

Fim sittin da ɗaya ta yi, kuma na kalle su duka, don rabin rigunan ni na ɗinka. In ka haɗa duk maganar da ta yi a cikinsu ba za ta cika takarda biyar ba. Ita ce mai buɗe ƙofa ta ce, "Yana jiranka a ciki." Ita ce ƙawar amarya mai riƙe fure. Sau tara aka kashe ta kafin mai kallo ya gama gyara zama, kuma a nan dai na yaba mata, ta iya mutuwa, tunda gawa ba ta da abin haddacewa. Sau ɗaya tak sunanta ya fito na uku a allon talla, a wani fim na kaboyi inda ta yi matar mai otal. Ta sa allon a gilashi, ta yi ta yawo da shi daga gidan miji zuwa gidan miji. Maza uku ta aura a garin nan, kowannensu ya rabu da ita yana ganin yarinya ya aura.

Sa'a ta taɓa ƙwanƙwasa mata ƙofa, a 1961, da talabijin ta yi ƙarfi. Za a fara wani shirin iyali na mako-mako, ana neman uwar gida. Wakilinta, mai nemo mata aiki, ya kira ta yana haki don murna. Ina zaune ina ɗaga mata bakin siket, na ji komai.

"Yaron da zai fito ɗana, shekararsa nawa?" ta tambaye shi.

Ya ce ashirin da huɗu.

"Ashirin da huɗu? Ni mai arba'in da ɗaya? A makaranta na haife shi ke nan? Ka je ka nemo musu tsohuwa."

Ta kife waya. Shekararta hamsin cif a ranar, kuma ko a lissafin ƙaryar tata ana haihuwa a sha bakwai. Matar da ta karɓi aikin ta yi shekara goma sha ɗaya tana fitowa duk Talata, ta gina gida a kan tudu da wurin wanka a tsakar gida. Nadine Carrow kuwa ta koma tallan sabulun wanki, daga baya ma hannunta kawai suke nunawa.

A 1984 ta faɗi a matakala ta karya ƙugu, tana da saba'in da uku, sanye da takalmi mai tsini. Ɗakin da take haya a bene na biyu yake, ba na'urar hawa. Tana asibiti aka sayar da ginin, aka ba mazauna wata ɗaya su tashi. Wuri biyu ne kawai za ta iya zuwa. Na farko gidan tsofaffin 'yan fim da ke cikin kwari: ɗaki da taga, itatuwan lemo, ma'aikaciyar jinya dare da rana, majigi duk Juma'a. Sharaɗinsu biyu, ka yi shekara ashirin a sana'ar, kuma ka cika saba'in. Na biyun gidana ne a Burbank, mai ɗaki biyu. Mijina Emil ya rasu shekara biyu kafin nan, na mayar da ɗaki ɗaya wurin ɗinkina. Tun da na zo duniya shi ne wuri na farko da yake nawa ni kaɗai, kuma ba na jin kunyar cewa ba na son ta a cikinsa.

Na rubuta wa fadan cocinmu. Bayan kwana goma kwafin ya iso da hatimi: Ludmila Hrabak, 1911. Ranar ganawa na ɗauko ta a mota, ta yi awa biyu tana kwalliya, ta ƙi sandar asibiti, ta ɗauko wata mai kan azurfa da ta sato daga wurin ɗaukar fim tun shekarun baya.

"Kalma uku ce, Ludka," na ce mata a hanya. "Saba'in da uku. Kin taɓa haddace abin da ya fi haka tsawo, ko da yake ba sau da yawa ba."

"Na ji, Zuzka. Ki kalli titi."

"Faɗi in ji."

"Saba'in da uku," ta ce, kamar mai haɗiyar maganin ɗaci. "Kin huta?"

Mai karɓar baƙi wani Mista Pruitt ne, mai sanƙo, zai yi hamsin. Ya ce akwai ɗaki ɗaya da ya zama ba kowa a makon, mai kallon lambu. Ya buɗe fayil, ya ɗago kai, sai ya miƙe tsaye har kujerarsa ta bugi bango.

"Nadine Carrow? Matar mai otal? Ranki ya daɗe, ina ɗan sha huɗu na kalli fim ɗin nan sau huɗu! Saboda ke nake komawa, ba don dawakan ba."

Na san wutar da take kunnuwa a idonta in an juyo mata da kyamara. Ita na gani, na san shirina ya rushe. Ta miƙe baya, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, da karyayyen ƙugun nata.

Ya duba katin ƙungiya, fuskarsa ta sauya. "Ayya. A nan sittin da huɗu ne, da sauran shekara shida. Kuma da ban ga katin ba, na rantse hamsin da biyar zan ce."

Na fito da takardar coci na shimfiɗa a gabansa. Ya karanta a hankali.

"Ludmila Hrabak, 1911. Wace ce wannan? In ke ce, ranki ya daɗe, ba wani abu ba ne, mun saba gani. Hannu kawai za ki sa a nan cewa ke ce, ranar Litinin ki tare."

Har ya miƙo mata alƙalami. Ta dubi takardar, ta dubi sanƙon Mista Pruitt, sannan ta juyo ta dafa hannuna da tausayi.

"Ta yayata ce, sunanta na coci ke nan," ta ce. "Haba Susan, kin sake haɗa takardun. Ka yi mata haƙuri, tun da mijinta ya rasu abubuwa suke rikice mata."

Lasin tuƙina yana cikin jaka, da sunana da shekarata. Na kai hannu zan buɗe, sai ta kafa mini farce a wuyan hannu ta ƙarƙashin tebur. Na dube ta. Murmushin yana nan, amma hodar ta tsage a gefen bakinta, leɓenta yana rawa. A fim sittin da ɗaya ban taɓa ganin ta iya nuna tsoro ba sai ranar. Na rena ta a lokacin fiye da yadda na taɓa rena wani mahaluki, kuma na rufe jakar. Har yau ina jin haushin kaina.

Mista Pruitt ya raka mu har mota, yana magana da ni da ƙarfi kamar kurma. Ya ce zai sa sunanta a layi, ranar da ta cika saba'in za su rubuto. Ta sa masa hannu a bayan wata ambulan. Muna fita daga ƙofar gidan ta buɗe madubin jakarta.

"Kin ji ko, Zuzka? Hamsin da biyar ya ce."

"A ina za ki kwana ranar Litinin?"

"Ai kina da ɗaki."

Keken ɗinkina ya koma gareji. Shekara biyar ta yi a ɗakin nan, ina ɗaga ta, ina juya ta, ina rina mata gashi duk mako uku, tana ce mini ruwan ya yi zafi. In maƙwabta sun leƙo sai ta ce ta zo ne ta kula da ni. Ta rasu a watan Nuwamba na 1989, tana da saba'in da takwas. Jarida ta ba ta layi uku a ƙasan shafi, ta ce sittin da tara, kuma ba wanda ya kira.

Ranar tara ga Maris, 1990, na cika saba'in. Wasiƙa ɗaya ce ta zo gidan, daga gidan tsofaffi, da sunan Nadine Carrow. Suna taya ta murnar zagayowar ranar haihuwarta, suna sanar da ita ɗaki yana jiranta. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, sannan na shiga na buga lambar da ke ƙasa. Wata mata ta ɗauka. Na ce mata su ba wani ɗakin, mai shi ta rasu wata huɗu da suka wuce.

"Ayya, Allah sarki," ta ce. "Saura kaɗan ta kai."

"E," na ce. "Saura kaɗan."