Sakan Takwas na Yaya

Yayana bai taɓa yarda a gan shi ya gama aiki da wuri ba, kuma tun muna yara haka Allah ya yi shi. Mama za ta aike shi shagon bakin titi ya sayo sabulu, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba, sai ya sheƙa a guje ya sayo, ya zagaya bayan gida ya zauna a kan bulo yana jifan gwangwani da tsakuwa har rabin awa ta cika. Sannan ya shigo yana haki, yana share gumin da babu shi. Ranar da na kama shi, ko a jikinsa. Ya ce, "Ke, in kin dawo da wuri wani aiken za a ƙara miki. In kin daɗe kuwa, sannu za a yi miki." Shekarunsa tara a lokacin.

Yanzu ya kusa arba'in, yana da mata da 'ya ɗaya da ɗan tumbi, kuma sana'arsa gina manhajar waya da shafukan intanet. Shi ɓangaren gaba yake yi, wato abin da ido ke gani, yatsa ke taɓawa: maɓallin da za ka danna, akwatin da za ka rubuta suna, jerin da zai sauko. Irin ginin da ake yi yanzu guntu-guntu ne, ka ƙera abu sau ɗaya, ka dinga ɗora shi duk inda ake bukata. A nan fa Yaya ba shi da na biyu, ko ni da nake neman laifinsa na yarda. Neman laifinsa kuwa shi ne aikina, don a ofis ɗaya muke, ni ce mai gwaji. Shi ya gina, ni in bi da wayoyi uku, har da wata mai fasasshen gilashi, ina danne-danne har sai abin ya lalace. Mama ta ce aikin da nake yi kyauta tun ina ƙarama ne na samu masu biyana.

Ofishin namu ɗaki biyu ne a saman wani shagon taya: tebur shida, fanka mai kuka, da farin allo wanda wani ya taɓa rubutu a kai da alƙalamin da ba ya gogewa. Manajanmu mutum ne mai kirki, amma ya tsani ɓoye-ɓoye. A gabana ya sallami wani da ya rufe kuskurensa na mako biyu. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi mutumin ya ajiye makullin ofis.

Babban aikin da ya taɓa shigo mana na Baba Mai Kemis ne, dattijo mai shagunan magani bakwai. Abin da yake so bai da wuya: mai jiran kanta ta rubuta sunan magani, manhaja ta nuna shagon da ke da shi, a ajiye wa mai saye. Yaya ya zage ya yi aikin da har yau nake jin daɗin tunawa. Ranar nuni Baba ya zo, ya gyara tabarau, ya rubuta sunan wani maganin tari da yatsa ɗaya. Kafin ya ɗago yatsan, amsa ta fito.

Sai ya ajiye wayar a hankali, ya ce, "Wannan ƙarya take yi."

Manaja ya ce, "Ranka ya daɗe, ai saurin shi ne..."

"Ɗana, shekara arba'in ina cikin magani. Wanda ya fi kowa zafin nama a shagona sai ya yi minti uku yana duba kanta ɗaya. Wannan shago bakwai ta ce ta duba. Yaushe ta je? Cewa kawai take yi." Ya miƙe yana neman makullin motarsa.

Yaya ne ya ce, cikin ladabin nan nasa da na sani tun zamanin sabulu, "Baba, gaskiyarka. A ba mu kwana biyu mu sa ta dinga dubawa da kyau."

Da Baba ya dawo, ya sake rubuta maganin tarin, sai wani ɗan zobe ya fito yana juyawa, a ƙarƙashinsa rubutu na sauyawa: ana tambayar shago na ɗaya, ana tambayar shago na biyu, har na bakwai. Sakan takwas cur, sannan amsa ta fito. Baba ya washe baki. "Yawwa! Yanzu ta yi hankali." A ranar ya sa hannu, kuma tun daga ranar rabin aikin ofishinmu nasa ne.

Da a nan Yaya ya tsaya, da na ce dabara ce ta ceton rana. Amma wanda ya saba zaman bulo ai ba ya ganin sakan takwas ya ƙyale. Bayan 'yan watanni masu jiran kanta suka fara ƙorafin manhaja na da nauyi. Manaja ya kawo kuka. Yaya ya dafe goshi, ya ja dogon numfashi, ya ce abin ba sauƙi, amma a ba shi kwana uku. Ya toshe kunne, ya juya fuskar kwamfutarsa bango. A kwana na uku jira ya ragu zuwa sakan bakwai. Manaja ya tara mu ya ce mu tafa masa. Da aka kai shida, aka saya masa kujera mai taya, Manaja ya raɗa masa suna Gwani, sunan ya bi shi har wurin masu taya na ƙasa.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, jiran nan ba ya canzawa. Sabis ya yi ƙarfi, shida. Sabis ya yi rauni, shida. Na rubuta sunan maganin da babu shi a duniya, zobe ya yi ta tambayar shaguna har sakan shida. Rannan da ya fita cin abinci na buɗe aikin, na bi guntayen ɗaya bayan ɗaya har na iske wani fayil da ya sa wa suna "kada a taɓa". Layi huɗu ne na umarnin kwamfuta a ciki. Amsa tana zuwa nan take, sai a riƙe ta a bayan fage, zobe ya yi ta rawa har lokacin da Yaya ya yanka ya cika. Aikin kwana ukun nan duka goge lamba ɗaya ne a rubuta wata. Sauran lokacin, daga baya na gano, bidiyon noman tumatir a bokiti yake kallo.

Da ya dawo na ce, "Yaya, na ga bulonka."

Nan take ya sha jinin jikinsa. Ya waiga ƙofar Manaja, ya sunkuyo. "Ƙanwata ta kaina. Me kike so?"

"Kujerar."

"Kujerar Gwani?"

"Kai ka ci gaba da zama Gwani, ni in zauna."

Haka aka yi. Ya ce wa Manaja kujerar na sa masa ciwon baya. Na ƙara masa da kawo mini shayi kowace safiya, madara cokali biyu. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wannan mulki ƙwarai, shekara talatin ina jiransa. Amma mu biyun mun san abin ba wasa ba ne: ranar da Manaja ya ga layi huɗun nan, Yaya zai ajiye makulli, Baba kuma yana iya kwashe aikinsa ya bar mu da fanka. Na dai faɗa masa abu ɗaya, cewa guntun zoben nan a ko'ina ya ɗora shi, a nema, a zaɓen girma, a duba wani shago, a ajiyewa, kowane mataki sai an jira. Ya ce, "Ke dai sha shayinki. Wa sakan shida ya taɓa kashewa?" A haka aka shekara biyu, ya sauko da shi huɗu, ana ta tafi.

Wata Asabar da rana ina gidansu, matarsa ta je unguwa, sai 'yarsa mai shekara biyar ta shigo daga wasa tana riƙe da ƙirji. Tana da asma, mun saba, abin shaƙarta kullum yana kan firji. Yaya ya ɗauko, ya girgiza, ya danna. Babu komai a ciki. Numfashinta ya fara fita da wani siririn ƙara da ba na son tunawa. Ya saɓa ta a kafaɗa, muka faɗa mota, muka nufi kemis mafi kusa, wanda kuwa na Baba ne.

Mai jiran kantar sabuwa ce. Ta duba kanta ba ta gani ba, ta ɗauko waya ta rubuta sunan. Zobe ya fito. Ana tambayar shago na ɗaya.

Na ga leɓen Yaya na motsi, yana ƙirgawa.

Sakan huɗu, sai ga shi ta yi kuskuren harafi. Ta sake. Huɗu. Manhaja ta tambaya, na yara ko na manya? Ta danna. Huɗu. Babu a nan, a duba sauran shaguna? Huɗu.

Yaya ya ce, "Baiwar Allah, wuce shi! Amsar tana nan, ta riga ta zo!"

Ta ce, "Yi haƙuri, yallaɓai, ba a wuce shi, shagunan ake tambaya. Ai ma yanzu da sauƙi. An ce da ya fi haka daɗewa, wani gwani ne ya gyara."

Ban taɓa ganin fuskar yayana haka ba. Yarinyar na kafaɗarsa tana kokawa da iska, shi yana tsaye yana kallon zoben da ya zana da hannunsa, har launin shi ya zaɓa. Duka-duka abin bai kai minti ɗaya ba, na sani, amma ni ma sai shayin nan na shekara biyu ya faɗo mini a rai. Aka samu a shagon da ke titi na uku. Muka je, ta shaƙa, ƙirjinta ya buɗe, kafin mu iso gida har ta fara neman alewa.

Ranar Litinin kafin in ajiye jaka Yaya ya goge fayil ɗin gaba ɗaya. Ƙarfe goma sha ɗaya sai ga Baba a kan matakala, yana haki na gaske, waya a hannu. "Ta koma ƙaryarta! Ta daina dubawa!"

Manaja ya juyo. "Gwani, me ya faru?"

Yaya ya miƙe tsaye, ya fasa ƙwai. Ya faɗi takwas ɗin, ya faɗi kwana uku-ukun, har tumatir bai rage ba. Sunana ne kawai bai ambata ba, sai na ji kunya ta ishe ni, na tashi daga kujerar na ce ni ma na sani. Ya ƙare da labarin Asabar, ya ciro makulli ya ɗora a tebur.

Baba ya ja kujerar da na bari ya zauna, ya daɗe yana kallon Yaya ta saman tabarau.

Can ya ce, "Lokacin da nake da shago ɗaya, in mutum ya zo, ko maganin na gaban hancina sai na shiga ciki na yi ta motsa kwalaye, sannan in fito da shi. In ka miƙa masa nan take, gani yake ba ka san aikinka ba." Ya ɗan yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke. "Amma ɗana, ni ina ganin fuskar mai saye. Ban taɓa shiga ciki na bar mai haki a tsaye ba. Kai naka zoben ba shi da ido."

Yaya ya sunkuyar da kai. "Haka ne, Baba."

"Ya jikin yarinyar?"

"Da sauƙi."

"To ɗauke makullinka, ni ban ce a kore ka ba. Na shaguna a bar su da saurinsu. Amma tawa wayar ka mayar mini da zobena, takwas ɗin nan cif. Ni ban yarda da ita haka ba."

Baba na sauka, Manaja ya yanke hukunci. Bai sallame mu ba, amma ya janye kujerar zuwa ofishinsa, ya ce daga yau duk layin da Yaya ya rubuta sai mutum biyu sun karanta, kuma ban da ni. Sunan Gwani ya mutu a saman bene, masu taya ne kawai ba su samu labari ba. Har yau akwai layi ɗaya a manhajar da ke cewa in Baba ne, a jira sakan takwas.

Da na kai wa Mama labari, ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce, "Bulon nan ai ta tagar kicin nake hango shi. Ƙyale shi nake yi in huta da surutu."

Makon jiya ina gidansu, Yaya ya aiki 'yarsa ɗaki ta ɗauko masa caja. Ta tafi a guje, ta dawo a guje, ta miƙa masa, ta tsaya tana jiran aike na gaba. Ya riƙe hannunta, ya kasa kunne yana sauraron numfashinta, sannan ya ce, "Sannu, Mamana. Je ki yi wasanki, babu wani aiken."